Ƙararrawar Adda Asta

Tun da muka dawo daga Mokolo ban huta da tambaya ba. A gidan suna a tare ni, a bakin famfo a tare ni, har a kasuwa wajen yayana mai sayar da nama sai an ja ni gefe: "Madam Halima, me aka koya muku a can ne? Wai gaskiya ne kin rage ihu?" Na ba da labarin nan har bakina ya gaji, kuma duk wanda ya san ni ya san ba ƙaramin abu ke gajiyar da bakina ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi, kowa ya tambaya in miƙa masa.

Ba zan fara da mota ba, sai na fara da Adda Asta, don saboda ita na yi tafiyar. Malama ce a firamaren da nake koyarwa nan Garwa. Ita ke riƙe da ajin farko, ajin 'yan ƙananan nan da ake kawowa suna kuka ba su san ko riƙe alli ba. Ajina na jikin nata, bango ɗaya ne tsakaninmu, bangon ma bai kai rufi ba. Shekara da shekaru muna koyarwa kamar masu gasa, in ta ɗaga murya in ɗaga tawa. Ni 'yar mahauta ce, a kasuwa iyayena suka yi suna, barewa kuwa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ita Bafulatana ce siririya, amma in ta ce yara su maimaita, har masu moto, 'yan acaɓan da ke bakin titi, sai sun maimaita.

Bara aka yi mata aikin maƙoƙo a Ngawundere. Aiki ya yi kyau, ta warke, amma murya ba ta dawo ba. Abin da ya rage mata sai raɗa, in ba ka kawo kunne ba ba za ka ji ba. Ta lallaɓa a haka har ƙarshen shekara, yara cike da aji ba masaka tsinke, iyaye suka fara gunaguni. Direktanmu, shugaban makarantar, mutumin kirki ne, amma ya kira ta ya faɗa mata gaskiya: in aka koma makaranta za a ba wata ajin, ita a mayar da ita ofis ta riƙa jera takardu. Adda Asta mijinta ya rasu, Allah kuma bai ba ta haihuwa ba. Yaran nan su ne 'ya'yanta, rabin unguwarmu a hannunta suka koyi rubuta sunansu, har da nawa uku. Na san in aka raba ta da ajin nan an gama da ita.

Ana cikin haka aka ce za a yi wa malamai horon mako guda a Mokolo cikin hutun damina, kan yadda ake tafiyar da aji. A ranar ƙarshe kowane malami zai koyar da darasi a gaban mai horon. Direkta ya ce mata, "Ki je, Madam. In ya ga kin riƙe aji, ya ce kin iya, ni ba ni da ta cewa." Ni ma na ba da sunana. Ba don ina ganin akwai abin da za a koya mini ba, sai don kada ta tafi ita kaɗai ba mai yi mata magana.

Da safe muka shiga mota a ajans, wato tashar motocin safa. Yayana ya ɗaure mana kilishi mai yawa kamar za mu Makka, ya ce ƙasar dutse ba a san me za a tarar ba. Muka wuce Pitowa, gonaki sun yi shar, dawa ta kai ƙugu. Ni ce bakin Adda Asta a motar. Ta raɗa mini tana son ruwa, in sanar da mota duka. Ta ce iska ta yi mata yawa, in sa a rufe tagogi har na gaban direba. Kafin mu kai Figil kowa a motar ya san inda za mu da abin da zai kai mu.

A Figil, bayan mun kutsa ta cikin manyan motocin siminti, aka tsayar da mu a shingen jandarmomi, kowa ya fito da katinsa na ɗan ƙasa. Nawa ya daɗe da mutuwa, takardar da aka ba ni in riƙe kafin sabo ya fito kuwa ta taɓa shiga wanki a aljihun jaka. Wani jandarma dogo ya juya ta ya sake juyawa, ya ce, "Madam, wannan takarda ce ko ganyen kuka? Sauko." Na sauko na buɗe baki ke nan zan fara, sai ga Adda Asta ta biyo ni. Ta tsaya tana kallon yaron, shi ma ya tsaya yana kallonta.

"Madam Asta?" in ji shi. "Ni ne Hamadu! Hamadun da ke kuka duk ranar Litinin!"

Ta yi murmushi, ta ce wani abu. Bai ji ba. Ya sunkuya ya kawo kunne, ta sake faɗa. Da ya ɗago sai na ga fuskarsa ta canza.

"Madam, ina muryarki?"

Ta ɗan janye mayafi ta nuna masa tabon da ke wuyanta. Ƙaton mutum, da bindiga a kafaɗa, ya rasa inda zai sa idonsa. Can ya ce, "Wallahi Madam, har yau in ina ƙirga motocin da suka wuce, da muryarki nake ƙirgawa a raina." Ya miƙo mini takardata ko kallonta bai sake yi ba, ya ruga ya sayo mana gasasshiyar masara. Da mota ta tashi Adda Asta ta juya fuska wajen taga, kafaɗunta na rawa. Tausayinta ya cika mini ciki. Daga nan har Marwa ban ce uffan ba, 'yan motar har suna waiwayowa su ga ko lafiya.

A Marwa muka canza mota muka nufi yamma, hanya ta fara hawa. Mu mutanen Garwa da muka saba da zafi, tun kafin la'asar na fara neman abin lulluɓa. Abin da ya ba ni mamaki shi ne gonakin. A jikin dutse suke, an jera duwatsu an yi su hawa-hawa kamar matakala, kowane hawa da 'yar dawarsa. Na ce a raina, mutanen da suka iya noma dutse, ba abin da zai gagare su.

Malamai sun taru daga ko'ina, ɗakunan da aka tanada suka cika, aka raba sauranmu gidajen mutanen gari. Mu aka kai mu wurin wata dattijuwa, Mama Marta, Kirista ce 'yar kan dutse, tana sayar da wake da dankali a kasuwa. Hausarta ta kasuwa ce, ba ta raba mace da namiji. Ta dube ni ta ce, "Kai ka zo lafiya? Ka shiga, gida naka ne." Kafin mu ajiye kaya ta nuna mana gabas, ta nuna mana sabuwar tukunya da ta saya dominmu, ta ce ba a taɓa dafa komai a ciki ba. Washegari kuma ta ja ni har wajen mahaucin da take sayen nama, Bahaushe, don in ga da idona Musulmi ne ya yanka. Kunya ta kama ni, don ni ban tabbata zan yi wa baƙo rabin haka ba.

Tuwon jar dawa take yi mana da miyar wake da ganye, ana sa mata ruwan toka. Daren farko na ci ina tunanin kifin Binuwai. Kafin mako ya ƙare ni ke neman ƙari. Wata yamma ta kai mu gidan ƙaninta a gefen dutse, nan na ga abin da har yanzu yayana bai yarda ba: sa, bijimi guda, a cikin ɗaki. Ɗaki sosai, mai jinka, an haƙa ƙasansa, sa na ciki ana kai masa ciyawa da ruwa, ba ya fita sai ranar bikinsu. Na leƙa na ga ƙiba, jinin mahauta ya motsa, na fara yabon cinya da tozo. Mai gidan ya yi dariya ya ce in bari, kada san ya ji.

Mai horon namu sunansa Musyu Matiyas, gajere, mai furfura, shi ma ɗan dutsen ne. Abu na farko da ya yi, ya sa muka zauna a bencin yara, ya ce mu ɗanɗana abin da suke ji. Na shiga lafiya. Fitowa ce ta zama aiki, sai da mutum biyu suka riƙe bencin. Tun daga nan kowa ya san ni.

Ana cikin darasin farko ruwa ya sauko a kan kwano. Duk malamin ƙasar nan ya san wannan: in ruwa ya bugi kwano, karatu ya tsaya, a naɗe hannu a jira. Muka fara gyara zama za mu yi hira. Musyu Matiyas bai tsaya ba. Ya rubuta tambaya a babban allo, ya raba mu gungu-gungu da hannu, ya ba kowane gungu ƙaramin allo da alli. Ya bugi tebur muka rubuta, ya sake bugawa muka ɗaga, ya zagaya yana dubawa yana gyaɗa kai. Har ruwan ya ɗauke bai buɗe baki ba, kuma darasin ya ƙare tsaf. Sannan ya ce, "Malamin da ba shi da komai sai murya, ruwan sama ma ya fi shi." Na saci kallon Adda Asta. Ta miƙe zaune, idonta a kansa ko ƙiftawa ba ta yi.

Sauran kwanakin a kan haka muka yi su. A raba yara gungu-gungu, kowane gungu da shugabansa. Wani malamin ƙauye ya ce, "Ashe gayya ce," aka yi dariya, amma gaskiya ya faɗa. A ba yara abin taɓawa, tsakuwa ko kara ko wake, su gano amsa da hannunsu. Wani Musyu Buba daga Gidar ya gwada da gyaɗa, kafin ya juya daga allo yaran da aka kawo don gwaji sun cinye lissafin. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne jira. Wai in ka yi tambaya ka yi shiru, ka bar yaro ya yi tunani. Ni kuwa tun da na fara aiki, ni ke tambaya ni ke amsawa, yara su ce amin. Musyu Matiyas ya ce, "Madam Halima, shirun ba ya cizo." Na ce, "Musyu, ni dai yana cizona."

Ranar Laraba kasuwar garin ke ci, muka shiga. Adda Asta tana neman abin da za ta riƙa tsayar da yara da shi in surutun gungu ya yi yawa, don tafi ba zai isa ba. A layin maƙera ta tsaya gaban wani tsoho, ta ɗauki wata 'yar ƙararrawa ta baƙin ƙarfe, irin wadda ake rataya wa akuya. Na ce, "Adda, yara za ki koyar ko kiwo za ki fara?" Ta saya abinta. Da muka koma gida ta kaɗa ta a tsakar gida don gwaji, awakin Mama Marta suka ɗago kai gaba ɗaya suka nufo ta. Muka yi dariya har da hawaye. Rabon da in ga haƙoranta haka tun kafin a yi mata aiki.

Amma da ranar gwajin ta matso, dariyar ta gudu. Ta zauna tana ware wake a kan tabarma. Ta raɗa mini, "Halima, ko da allo da ƙararrawa, dole in faɗa musu abin da za su yi. In na buɗe baki ba su ji ba fa?"

Na ce, "Wannan ne damuwarki? Ina zaune a baya. Duk abin da kika faɗa in ɗaga musu shi."

Ta girgiza kai. "A'a, ki bari."

Na ce to. Amma a raina ban bari ba.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Aka tara yaran gari, 'yan ƙanana, aji ya cika har ƙasa. Mu malamai muna jere a baya, Musyu Matiyas na gefe. Na riga na yi nawa darasin da safe. Adda Asta ta shigo da farin mayafinta, ta kaɗa ƙararrawa, yara suka yi dariya suka dube ta. Ta buɗe baki ta gaishe su. Na ga na baya ba su ji ba, ban san lokacin da na ɗaga murya na maimaita gaisuwar ba. Yara suka waiwayo suka amsa mini. Ta ce su fito da allunansu, na sake ɗagawa. Wannan karon ba waiwaye suka yi ba, juyowa suka yi gaba ɗaya, har masu gyara zama, suka fuskance ni suna jiran abin da zan ce. Ta saman kawunansu na hango ta tsaye da alli a hannu, aji duka ya ba ta baya. Ba ta harare ni ba. Da ma hararar ta yi, da ya fi mini sauƙi. Na yi gyaran gangar Abzinawa, na zo taimako na ƙwace mata aji a gaban mutumin da zai yanke mata hukunci.

Musyu Matiyas ya tako a hankali ya tsaya kusa da ni. Ya ce, "Madam Halima, kina son taimakonta da gaske?" Na ce e. Ya ce, "To zo." Ya kai ni tsakiyar wani gungu na baya, ya zaunar da ni a ƙasa cikin yara, ya ba ni allo da alli. "Yau ke ɗaliba ce. Ɗalibar da ba a tambaya ba kuwa ba ta magana."

Adda Asta ta sake kaɗa ƙararrawa, ta tsaya. Ba ta ce komai ba. Yara suka juya ɗaya bayan ɗaya suna neman abin da ake jira. Ta daɗe a haka har ni kaina na ƙagu. Sannan ta nuna yaro ɗaya daga kowane gungu da yatsa, ta yafito su. Suka kewaye ta, ta durƙusa, ta raɗa musu magana kamar mai ba da asiri, ta zuba wa kowa wake a tafin hannu. Ku da kuke da yara kun san ba abin da suke so kamar asiri. 'Yan aiken nan suka dawo da gudu suna ƙyalƙyala, sauran suka rufe su, kowa na son ya ji me Madam ta ce. Abin da ta ce shi ne a raba wake goma gida biyu, ta kowace hanya aka iya, a rubuta a allo.

Aji ya kaure da ƙus-ƙus, da Fulatanci da yaren dutse da ɗan guntun Faransanci. Kawuna suka haɗu, hannuwa na ture wake. Ita kuma tana zagayawa, ta durƙusa nan, ta dafa kan wancan. Ƙararrawa ta yi ƙara, alluna suka tashi sama. Wani gungu ya yi kuskure, ba ta ce musu komai ba, ta je ta zauna cikinsu ta sa suka sake ƙirgawa, har suka gano da kansu suka yi ihun murna.

Can wajen ƙarshe ta koma gaban allo, ta kaɗa ƙararrawa sau ɗaya, ta ɗora yatsa a kunnenta. Ajin ya yi tsit, irin shirun da ban taɓa samu a nawa ajin ba ko da bulala. Ta yi magana, da raɗar nan tata, ta ce sun yi ƙoƙari, ta tambaye su wace hanya ce ba wanda ya gano. Ina zaune can baya a ƙasa, na ji kowace kalma. Rabon da muryar nan ta kai ƙarshen aji tun bara. Hawaye suka zubo mini a kan allon da ke cinyata, na bar su suka zuba.

Da aka sallami yara, sai da aka kore su, suna ta son taɓa ƙararrawar. Musyu Matiyas ya tsaya gabanmu ya ce, "Malamai masu murya na gan su da yawa. Ajin da ke sauraro ne ban cika gani ba, yau na gani. Madam Asta, ni da kaina zan gaya wa direktanku." Ya juyo wajena. "Ke ma Madam Halima, darasinki na safe ya yi kyau. Har mutanen kasuwa sun ƙaru da shi."

A hanyar gida na ba ta haƙuri. Ta kama hannuna ta ce, "Shekara nawa kina mini ihu ta bango ban yi fushi ba, sai yau?" Mama Marta ta cika mana jaka da wake da dankali, muka bar mata sauran kilishi, ta raka mu har tasha tana ce wa Adda Asta, "Ka dawo, kai da ƙararrawa naka." A Figil muka duba ba mu ga Hamadu ba, Adda Asta ta bar masa saƙo wajen abokin aikinsa, ta ce a gaya masa Madam tana nan a ajinta.

Haka kuwa aka yi, da aka koma makaranta direkta ya bar mata ajin. Ranar farko ina tsakiyar darasi, na ɗaga murya yadda na saba, sai na ga inuwa a bakin ƙofa. Adda Asta ce, ta yafito ni. Na kawo kunne, ta ce, "Halima, don Allah ki ɗan rage. Yarana ba sa jina."

Mahaifiyata ta yi fama, mijina ya yi fama, direktoci sun zo sun tafi, ba wanda ya iya sa ni rage murya. Ranar nan na rage. Na koma na yi wa yarana tambaya, na kama bakina na jira. A cikin shirun ne na ji ta, ta saman bangon nan da bai kai rufi ba, 'yar ƙararrawar akuya ta yi ƙara sau ɗaya, sannan wata ƙaramar murya ta fara ƙirga wake.